Farfesan tattalin arzikin da ya faro daga ƙauyukan Zariya

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin tattalin arziki, kuma ina so in rubuta kundina a kan bashin manoma. Mai duba aikina ya ce in fara da karanta wani Farfesa Christopher Udry. Wane ne shi, me ya bincika, kuma me ya haɗa Ba'amurke da manomanmu?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Mai duba aikinki ya san abin da yake yi. Duk wanda zai yi rubutu a kan bashin manoma a Arewacin Nijeriya sai ya bi ta kan aikin wannan mutumin, ko ya yarda da shi ko ya ja da shi, domin binciken da ya fito da sunansa a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya aka yi shi, tsakanin 1988 da 1989.

Tarihinsa ba shi da tsawo in ta kan muƙamai za a bi. Ya gama digirin farko a kwalejin Swarthmore a 1981, ya zo Gana ya yi shekara biyu yana koyarwa a makarantar sakandare a ƙarƙashin shirin 'yan sa-kai na Peace Corps. A shekarun nan kuwa Gana tana cikin tasku: kaya sun ɓace a kasuwa, fari ya kawo yunwa a 1983, ga kuma 'yan ƙasar kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar. Wanda ya zauna cikin mutane a irin wannan lokaci ba zai rasa tambayar yadda talaka yake tsallake shekarar wahala ba, kuma in kin bi rubuce-rubucensa za ki ga tambayar ke nan da ya riƙe har yau. Ya koma Amurka ya shiga Jami'ar Yale, ya sami digirin digirgir a 1991. Ya fara koyarwa a Jami'ar Northwestern da ke kusa da Chicago, a 1998 ya koma Yale, ya yi kusan shekara 20 a can, har ya shugabanci sashen tattalin arziki da kuma cibiyar jami'ar mai nazarin bunƙasar ƙasashe masu tasowa. A 2017 ya sake komawa Northwestern, inda shi da Dean Karlan suka kafa cibiyar binciken talauci.

A tsarin jami'o'insu, sabon dakta yakan fara daga matakin ƙaramin farfesa, a ba shi kamar shekara shida ya nuna abin da zai iya. Daga nan a aika rubuce-rubucensa ga manyan masana na wasu jami'o'i su auna. In sun gamsu a ba shi kujerar dindindin, in ba su gamsu ba ya nemi wani wurin. A fanninmu ba yawan maƙalu ake ƙirgawa ba, inda suka fito ake dubawa, kuma akwai mujallu biyar da ake ɗauka su ne ƙololuwa. Udry ya fitar da maƙalu a uku daga cikinsu a jere, a 1994 da 1995 da 1996, kuma biyu na farkon daga bayanan Zariya suka fito. Ma'ana, manoman ƙasar Zazzau ne suka aza masa harsashin kujerarsa.

To, me ya gano a can?

Kafin zuwansa, kallo biyu masana suke yi wa bashin ƙauye. Na farko shi ne na mai kuɗin da ya danne manomi da ruwa mai yawa, kuma maganin da aka ba da shi ne gwamnati ta kafa banki ta ba da rance mai rahusa. A 1973 aka kafa bankin manoma mai hedikwata a Kaduna. Na biyu shi ne ra'in da Joseph Stiglitz da Andrew Weiss suka kawo a 1981: mai ba da bashi bai san halin mai karɓa ba, bai san ko zai yi aikin da ya ce ba, shi ya sa yake neman jingina, ko ya hana bashin ɗungurungum ko da mai nema ya yarda da ruwa mai yawa. Ra'i ne mai ƙarfi, kuma yana bayyana halin bankuna sarai. Abin tambaya shi ne ko yana bayyana ƙauye.

Udry bai zauna a ofis ya yi hasashe ba. Ya jingina da Jami'ar Ahmadu Bello, inda dama akwai al'adar bin ƙauyuka gida gida: David Norman ya yi irin wannan aiki daga Samaru a shekarun 1960 a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, Polly Hill kuma ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967. Udry ya ɗauki magidanta kusan 200, ana komawa wurinsu akai-akai tsawon shekara guda, ana rubuta wa ya ranta wa wa, nawa, yaushe aka biya, nawa aka biya. Abin da ya bambanta aikin shi ne an haɗa da rubuta masifun da suka faɗa wa kowace gona, ta tudu da ta fadama: ambaliya, iska ta kwantar da shuka, ƙwari, ko rashin lafiya a gidan.

Sai ga shi yawancin gidajen suna cikin harkar, da yawansu ma suna bin wasu bashi a daidai lokacin da ake bin su. Bahaushe ya riga ya faɗa, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kusan duk rancen tsakanin 'yan gari ɗaya ne ko dangi. Da wuya a ba da jingina, da wuya a rubuta, kuma galibi ba a yanke ruwa ba a sa ranar biya. An fi karɓa da farkon damina, a biya bayan kaka. Matsalar rashin sanin juna da Stiglitz da Weiss suka gina ra'insu a kai kusan babu ita, domin mai ba da rancen ta gefen gonar mai karɓa yake wucewa kullum, ya san ko ya yi noman fari a kan lokaci, ya san ranar da ruwa ya ci masa fadama.

Babban abin da ya fito shi ne abin da ake biya yana tafiya da halin da mutum biyun suka sami kansu. In mai karɓa ya gamu da asara, yakan biya ƙasa da yadda da zai biya, kuma a ɗaga masa ƙafa. Wannan ba zai ba kowa mamaki ba, ko banki ma in ba ka da shi ba zai samu ba. Amma in mai bayarwa ne ya gamu da asarar, sai a biya shi da yawa kuma da wuri. Ki tsaya a kan wannan ki yi tunani. A ce wani ya ranta wa maƙwabcinsa kuɗin taki a watan Yuni. Kaka ta yi, maƙwabcin ya cika rumbu, shi kuwa mai rancen ƙwari sun cinye masa dawa, ga uwargida ba lafiya. Maƙwabcin ba ya jiran a aiko. Da ya sayar da buhunan farko zai zo da kuɗin bayan magariba, ya ɗora wani abu a kai, ya ce a saya wa mara lafiya magani. Da mai rancen ne ya yi albarka shi kuma ya faɗi, da sai a ce masa ya bari sai baɗi. Babu banki a duniya da bashinsa yake ƙaruwa don manaja ya yi asara a gonarsa. Wannan ɓangaren ne hujjar cewa rancen ƙauye inshora ne ta wata fuskar: ana raba asara tsakanin mutum biyu ba tare da an kira shi da wannan suna ba. Wanda kuma ya ƙi biya alhali kowa ya san yana da hali, a kai ƙararsa wurin mai gari ko dattawa, kuma gobe in ya nema ba zai samu ba.

Akwai wani gefe da ke za ki fi shi iya shiga. Haramcin riba ya hana yanke ruwa tun farko. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, kuma malaman fiƙihu sun halatta mai biya ya kyautata da ƙari muddin ba sharaɗi aka yi ba. Ki haɗa ukun nan, za ki ga sun ba da kusan siffar bashin da alƙaluma suka nuna. Amma aya ta 282 ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, a ƙauyukan kuma ba a cika rubutawa ba. Me ya sa aka riƙe wancan aka sassauta wannan? A nawa ganin, rubutu yana daskarar da adadi, alhali amfanin rancen a wurinsu yana cikin sassaucinsa. Wannan ra'ayina ne, abin gwadawa ne, kuma kundi guda ne mai zaman kansa.

Kada ki ɗauka Udry ya zana ƙauye a matsayin aljannar zumunci. Ya gwada ko rabon asarar ya cika, wato ko masifar da ta faɗa wa gida ɗaya tana narkewa gaba ɗaya cikin gari, ya tarar ba ta narkewa. Gidan da ya yi asara yana jin ta a jikinsa, rage masa kawai ake yi. A maƙalar 1995 ya nuna hatsin rumbu ne gidaje suke taɓawa in abin ya zo. Sannan tsarin yana da iyakar da ba ya tsallakewa: in fari ya game gari duka, mai rance da mai karɓa duk hannu rabbana suke, kuma rancen da wuya ya ƙetare zuwa wani gari. A 1994, shekarar da maƙalar Udry a kan rabon asarar ta fito, Robert Townsend ya fitar da nasa aikin a kan rabon asara a ƙauyukan Indiya, kuma ayyukan biyu tare ake koyar da su har yau.

Aikin Udry na biyu da ya yi amo a kan Burkina Faso ne, kuma ya shafe ki a matsayinki na mace. Masana tattalin arziki sun daɗe suna ɗaukar gida kamar mutum ɗaya mai buri ɗaya. Waɗanda suka gyara wannan ra'i sun yarda miji da mata suna ja-in-ja a kan rabo, amma sun ce duk da haka ba za su bar amfani ya zube ba: za su noma iyakar abin da za a iya, sannan su yi gardamar rabonsa. Udry ya ɗauki bayanan da cibiyar ICRISAT, mai binciken amfanin gona a yankuna masu ƙarancin ruwa, ta tara a ƙauyuka shida a farkon shekarun 1980, inda miji da mata kowa yake da gonar da yake juyawa. Ya kwatanta gonaki masu irin shuka ɗaya, a shekara ɗaya, a gida ɗaya. Gonar mace tana ba da amfanin da ya gaza na miji da kusan kashi 30 cikin 100 a fili mai girma ɗaya. Ba don ba ta iya noma ba ne. Taki kusan duka gonar miji yake tafiya, haka ma ƙwadagon maza da yara. Tunda buhun taki na goma a gonar da ta ƙoshi ba ya ƙara abin da na farko zai ƙara a gonar da ba ta samu ba, da an karkatar da wani kaso zuwa gonar matar da abin da gidan ya girbe ya ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100, ba tare da an sayi komai ba. Kashi 6 ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da rumbunsa ke ƙarewa kafin sabon gero. Duk wanda ya tashi a gidan da ake gandu da gayauna ya san wace gona ake fara kai wa jakin taki, kuma ranakun da aka ware wa gayauna ba su ne na tsakiyar aiki ba.

Daga bayanan nan dai, shi da Marcel Fafchamps da Katherine Czukas suka gwada maganar da kowa ke yi cewa dabba ita ce bankin talaka. A shekarun farin da suka haɗa da 1984, sayar da dabbobi bai cike fiye da kashi 30 cikin 100 na giɓin da fari ya kawo ba. Mutane sun gwammace su rage ci da su taɓa garke. Dalilin a fili yake ga wanda ya san kasuwar kara a shekarar fari: kowa ya kawo tasa, dabba ta rame, farashinta ya faɗi a daidai lokacin da na hatsi ya haura, kuma wanda ya sayar da saniya mai haihuwa ya sayar da shekarunsa masu zuwa.

A kudancin Gana, yankin Akwapim, ya yi wani dogon zama a ƙarshen shekarun 1990. Shi da Markus Goldstein sun nuna cewa masu sarauta ko masu faɗa a ji a dangi sun fi daɗewa suna hutar da gona, domin ba sa tsoron a karɓe ta in an ga ta zama saura, kuma shi ya sa masara da rogonsu suka fi kyau. Mata da marasa galihu kuwa suna noma tasu ba hutu har ta gaji. Shi da Timothy Conley kuma sun bi manoman abarba, suka nuna manomi yana gyara yawan takinsa ne bisa abin da ya faru da wanda suke hirar noma da shi, musamman in wancan ya sami sakamakon da ba a zata ba. Duka biyun sai bayan shekara goma ko fiye da tattara bayanan suka fito, a 2008 da 2010. Ki riƙe wannan in kin ji ana cewa bincike ya yi jinkiri.

Daga baya fannin ya karkata zuwa gwaji ta hanyar ƙuri'a, wato a raba mutane kashi-kashi bisa sa'a, a ba wasu abu a hana wasu, a kwatanta. Udry ya shiga, amma da tsohuwar tambayarsa. A arewacin Gana, shi da Karlan da masana biyu 'yan ƙasar, Robert Osei da Isaac Osei-Akoto, sun ba wasu manoman masara tsabar kuɗi, wasu inshorar ruwan sama wadda ke biya in ruwa ya ɗauke ko ya yi yawa, wasu kuma duka biyun. Waɗanda suka sami inshorar ne suka fi faɗaɗa gona da kashe kuɗi a kanta, kuɗin ma su suka nemo da kansu. Tsabar kuɗin kaɗai ba ta motsa su sosai ba. Wato abin da ya fi ɗaure hannun manomin shi ne tsoron ya zuba komai damina ta juya masa baya. Sakamakon ya fito a 2014. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi, kuma kowa ya ji yadda aka sha fama da batun biya. Ina ganin da an ba tambayar asara nauyin da aka ba tambayar jari, da wani abin ya zo da sauƙi. Sai dai inshorar ma ba a sayenta sai an yarda da ita; a Gana an fi saye bayan manomi ya ga an biya shi ko an biya wani da ya sani, kuma ma'aunin ruwa yana iya cewa an yi ruwa alhali gonarka ba ta samu ba.

Udry yana cikin tawagar da ta gwada shirin fitar da matalautan ƙarshe daga ƙangi a ƙasashe shida, wanda ya fito a 2015: a ba gida dabbobi ko jarin sana'a, da horo, da ɗan tallafin abinci, da hanyar ajiya, da mai ziyara yana bibiya. Ya yi tasiri mai ɗorewa a yawancinsu, ban da Honduras inda cuta ta kashe kajin da aka raba. Yana kuma cikin waɗanda suka yi irin wannan gwaji a Nijar tare da shirin tallafin kuɗi na gwamnati ga mata, wanda ya fito a 2022, inda aka ga horon ƙarfafa gwiwa da wayar da kan gari ya biya kuɗinsa ƙwarai in aka gwada da abin da aka kashe.

Abin da ya fi burge ni a shekarunsa na baya shi ne maƙalar da ya rubuta da Douglas Gollin a 2021. An yi ta yayin cewa gonakin Afirka suna hannun waɗanda ba su iya ba, wai da an tattara su a hannun ƙwararru da amfani ya ninka. Suka duba bayanan Tanzaniya da Yuganda, suka nuna kaso mai yawa na bambancin da ake gani tsakanin manoma kuskuren awo ne, da bambancin ƙasa, da sa'ar damina. Mutumin da ya taɓa tsayawa a bakin gona yana tambayar manomi dami nawa ya samu shi ne zai san yadda adadin yake yawo.

Inda nake da ja kuwa, ƙauyuka huɗu a shekara ɗaya ba su ne Arewa ba, kuma an fi shekara 35 da yin aikin. Yau ɗan da ke Legas yana turo kuɗi ta waya cikin minti ɗaya, ke nan rabon asara ya ƙetare iyakar gari. Dillalan hatsi da masu shagon taki suna ba da bashi a biya da buhu. A wasu yankunan masifar da ta fi fari ita ce rashin tsaro, wadda ke tarwatsa garin da tsarin ya dogara a kansa. Yana kuma damuna cewa ba mu da al'adar komawa gidaje ɗaya shekara bayan shekara da kuɗinmu da ɗalibanmu, alhali a Gana Yale da Jami'ar Gana da ke Legon sun fara bin gidaje kusan 5,000 tun 2009.

Ga aikinki, ki fara da maƙalarsa ta 1990 da ta fito a mujallar tattalin arziki ta Bankin Duniya, domin bayani ne da jadawali, lissafinta ba nauyi. Ta 1994 tana buƙatar ki ƙware a lissafin awon tattalin arziki, ki bar ta sai kin gama wannan darasin. Sannan ki yi amfani da abin da namiji baƙo ba shi da shi: ke za ki shiga cikin gida. Adashi, da biki, da bashin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da tunkiyar da aka ba wata kiwo a raba 'ya'ya, duk harkar kuɗi ce ta mata da maigida sau da yawa bai san adadinta ba. Ki ɗauki gari biyu ko uku, ki koma aƙalla sau uku, da shuka da tsakiyar damina da bayan kaka. Kada ki tambayi mutum ruwa nawa aka sa masa, zai ce babu, kuma gaskiya ya faɗa. Ki tambaye shi nawa ya karɓa, nawa ya mayar, yaushe, da me ya faru a gidansa da gidan wanda ya ranta masa tsakanin ranakun biyu. In da hali ki je wurin ɗaya ɓangaren ki ji nasa adadin daban, domin sau da yawa ba za su zo ɗaya ba, kuma sai kin tanadi gurbi biyu a takardar tambayoyinki tun kafin ki fita.